In Ɓera da Sata, Daddawa Ma da Wari

Duk wanda ya san ni a garin nan ya san ba ni da mota. Wani tsohon keke na hannu shi ne abin hawana, kuma kusan kullum sai na ratsa titin Elm a tsakiyar Greensboro, in wuce tsohon kantin Woolworth inda ɗaliban nan huɗu baƙar fata suka yi zaman dirshan ran 1 ga Fabrairun 1960, sannan in miƙe makaranta. Wata Asabar na jingine keken a bakin titi ina shan iska, sai ga wani dattijo ɗan Maraɗi, cikin mutanen Nijar da suka daɗe a nan, wanda duk muke kira Baba. Ya dubi keken, ya dube ni, ya ce, "Kai yaro, da wannan akwalar za ka gaji Armstrong? Ina garin nan aka rufe mana hanyoyi saboda su."

Na ɗauka ba'a ce irin ta manya, ashe gaskiya ne. Daga 1991 zuwa 1996 an yi wata gasar tseren keke mai suna Tour DuPont, wadda a zamaninta babu irinta a Amurka, kuma a watan Mayun 1995 a nan Greensboro aka kammala ta. Wanda ya ci shi ne Lance Armstrong, yana ɗan shekara 23, sanye da rigar ƙungiyar Motorola. Ya sake cin ta a 1996. Daga baya wani abokin hawansa ɗan ƙasar Niyuzilan, Stephen Swart, ya ba da shaida a rantse cewa a wannan shekara ta 1995 'yan ƙungiyar suka yanke shawarar kama EPO, kuma Armstrong na cikin masu zuga. Ga wanda bai sani ba, EPO wani sinadari ne da ƙoda ke fitarwa don ɓargo ya ƙera jajayen ƙwayoyin jini. Likitoci na yin allurarsa ga masu ciwon ƙoda da jininsu ya yi ƙasa. Idan lafiyayye ya yi, jininsa zai ɗauki iska fiye da kima, ya hau dutsen da ke sa wasu haki kamar yana gangara.

Ba Armstrong zan tattauna ba, an yi masa rubutu har an gaji. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne masu gidan. Tun daga hirar nan da Baba na bi tarihin yadda ƙungiyoyin tseren keke ke yi idan gwajin fitsari ko na jini ya kama yaronsu, kuma na karanta sanarwarsu da dama. Mai karatu, in ka karanta ɗaya ka karanta duka. Da farko ƙungiya za ta ce ta girgiza da jin labarin. Sai ta tunatar da duniya cewa ita ba ta lamuntar magungunan ƙara kuzari ko kaɗan. Sai ta ce ta dakatar da shi har a buɗe kwalba ta biyu, domin duk samfurin da aka ɗauka ana raba shi biyu, A da B. Idan ta biyun ta tabbatar, sai sanarwa ta ƙarshe: an kore shi, kuma bincike ya nuna shi kaɗai ya yi abinsa. Wannan jimla ta ƙarshe ita ce duk dalilin rubuta takardar, sauran ado ne. Kuma ita ce jimlar da tarihi ya fi ƙaryatawa.

A koma 1998. Ran 8 ga Yuli, saura kwana uku a fara gasar Tour de France, 'yan kwastan suka tare wata mota a iyakar Beljiyam da Faransa. Direban, Willy Voet, mai tausa ne a ƙungiyar Festina, motar kuma ta ƙungiyar ce, an shaƙe ta da ɗaruruwan kwalaben EPO da sauran allurai. Da farko shugabannin suka nuna ba su san zancen ba. Da 'yan sanda suka tsare manajan, Bruno Roussel, sai ga lauyansa yana faɗa wa duniya cewa ƙungiyar ce da kanta ta tsara ba da magungunan a ƙarƙashin kulawar likita. Har asusu ake da shi, ana cira daga kuɗin kyautar da 'yan tseren suka ci ana sayen kayan. Aka fitar da Festina daga gasar, kuma cikin mahaya 189 da suka fara, 96 kaɗai suka isa birnin Faris. Wannan abin kunya na cikin dalilan kafa hukumar WADA mai yaƙi da magungunan ƙara kuzari a 1999.

Da na ba Baba wannan labari sai ya yi dariya har da tafawa. Ya ce da ƙuruciyarsa ya yi yaron mota a hanyar Maraɗi zuwa Katsina, kuma bai taɓa ganin an kama kaya a kan iyaka mai kayan ya ce nasa ne ba. "Ɗana, ran da kaya suka wuce lafiya, na Alhaji ne. Ran da aka kama, na direba ne." Ni kuwa abin da na lura da shi a batun Festina shi ne, gaskiya ta fito ne don ɗan sanda ne ya yi tambayar a bayan ƙofa rufe. Da a gwajin fitsari aka kama ɗaya daga cikin yaran, da mun sami takardar nan mai cewa shi kaɗai ya yi.

Ƙungiyar da ta fi ba ni mamaki ita ce Phonak ta ƙasar Siwizalan, mallakar attajiri Andy Rihs, mai kamfanin na'urar ƙara ji. A 2004 kaɗai an kama mata mutum uku. Oscar Camenzind da EPO, sai Tyler Hamilton da Santiago Pérez da ƙarin jinin wani mutum. Hamilton shi ne tauraron gidan, bai daɗe da cin zinare a gasar Olamfik ta Atens ba, saboda haka Rihs ya fito ya tsaya masa, ya ce gwajin ne ba shi da inganci. Haka aka yi ta ja har hukumar tseren keke ta duniya, UCI, ta hana Phonak lasisin shiga manyan gasanni. Nan take amana ta ƙare, aka sallami Hamilton a watan Nuwamba, aka sauya shugabanni, aka kawo John Lelangue a matsayin manaja, aka yi shelar an yi wanka. A farkon 2006 aka sake kama wani yaronsu, Sascha Urweider, aka kora. Sai kuma babban: ran 20 ga Yulin 2006, Floyd Landis, wanda jiya-jiya ya sare a kan dutse har aka cire rai da shi, ya ɓalle shi kaɗai na fiye da kilomita 100, ya isa garin Morzine da ratar kusan minti 6. Kwana uku bayan haka ya ci Tour de France. Fitsarinsa na ranar ya nuna ma'aunin sinadarin mazakuta, wato testostaron, ya kai 11 bisa 1, alhali doka ta tsaya a 4 bisa 1. Ran 5 ga Agusta aka bayyana sakamakon kwalba ta biyu, kuma a ranar Phonak ta kore shi.

To, a nan ne nake son mu yi lissafi irin na 'yan makaranta. Gida ɗaya, cikin shekara uku, yara biyar, kuma kowane ɗaya an ce shi kaɗai ya yi. A wane gida ne a Kano ko Zariya za a kama yara biyar da laifi iri ɗaya mutanen unguwa su ci gaba da cewa maigidan bai san komai ba? Ko dai ya sani, ko kuma bai so ya sani ba, kuma ga wanda ke da likitoci masu ɗibar jinin yaransa kowane mako, tazarar da ke tsakanin biyun ba ta da yawa. Ruwa ba ya tsami banza.

Shekarar 2006 ɗin ta ba mu wani wasan kwaikwayon. Ana gobe za a fara Tour de France, sunayen manyan zakaru biyu suka fito a binciken 'yan sandan Sifen kan likita Eufemiano Fuentes, mai ajiye wa 'yan wasa jininsu a firij. Ƙungiyar T-Mobile ta Jamus ta dakatar da Jan Ullrich, daga baya ta aika masa takardar kora ta na'urar faks. Manajan CSC, Bjarne Riis, ya tura Ivan Basso gida yana maganar mutuncin wasa. Ba a cika shekara ba, a watan Mayun 2007, Riis ya kira 'yan jarida ya amsa cewa shi kansa da EPO ya ci Tour de France ta 1996. A wannan watan likitoci biyu na Jami'ar Freiburg da ke kula da T-Mobile suka amsa cewa su ke ba 'yan ƙungiyar EPO a shekarun 1990, lokacin ana kiranta Telekom. Gwano ba ya jin warin jikinsa.

Me ya sa suke haka? Ba don sun fi sauran masu wasanni mugun hali ba. Tsarin kuɗin ne. Kulob ɗin ƙwallon ƙafa yana da fili, yana sayar da tikiti, yana da rabo a kuɗin talabijin, yana da sunan gari da magoya bayan da suka gada daga iyaye. Ƙungiyar keke ba ta da ko ɗaya. A bakin titi ake kallo kyauta, kuɗin talabijin na masu shirya gasa ne, sunan ƙungiyar ma sunan kamfanin da ke ɗaukar nauyinta ne. Ran da kamfanin ya janye, mutum sittin ko fiye sun rasa abinci, daga makaniki har mai dafa taliya. Haka ta faru da Phonak kwana goma bayan korar Landis, haka Deutsche Telekom ya janye a ƙarshen 2007, haka bankin Rabobank na Holan a 2012. Saboda haka takardar kora ba don ni da kai ake rubuta ta ba, wasiƙa ce zuwa ofishin kamfani, ma'anarta: kada ku tafi, mun cire ruɓaɓɓen. Na fahimci tsoron. Amma kamfanin nan dai shi ne ke son nasara, kuma ɗan tseren da kwantiraginsa na shekara ɗaya ne ko biyu ya san abin da zai same shi in bai kawo ta ba.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne dokar ba ɗaya ba ce ga kowa. A 2010 an sami wani magani mai suna kilenbutarol a fitsarin mutum biyu. Na farko Li Fuyu ne, ɗan ƙasar Sin, ƙaramin mahayi irin waɗanda aikinsu tare wa manya iska da ɗauko musu ruwa. Ƙungiyarsa ta RadioShack ta dakatar da shi ba tare da wata-wata ba, ya sha haramcin shekara biyu, duniya ta manta da shi. Wa ke manajan RadioShack a lokacin? Johan Bruyneel, wanda a 2018 aka haramta masa wasan har abada saboda tsara shan magunguna a tsohuwar ƙungiyar Armstrong. Wa ke tauraronta? Armstrong kansa. Na biyun kuwa Alberto Contador ne, zakaran Tour de France na shekarar. Ya ce nama ya ci mai maganin. Sabuwar ƙungiyarsa ta Saxo Bank, a hannun Riis ɗin nan dai, ta rungume shi, ya ci gaba da tsere har ya ci gasar Italiya ta 2011, sai a Fabrairun 2012 kotun wasanni ta ƙwace duka biyun. Yana gama haramci ya koma gidan. Haka Sky ta tsaya wa Chris Froome da lauyoyi da masana lokacin da maganin asma ya ninka iyaka a fitsarinsa a 2017, har aka wanke shi a Yulin 2018. Ban ce wankewar ba daidai ba ce. Cewa na yi in tsayawa da ɗan gida har a gama shari'a ita ce ƙa'ida, to mai ɗauko ruwa ma ɗan gida ne.

Akwai mai cewa ban yi wa ƙungiyoyin yau adalci ba, kuma yana da hujja. Tun 2008 aka shigo da tsarin bibiyar jinin kowane mahayi tsawon shekaru, ta yadda ko ba a ga magani ba za a ga sawunsa. Motocin da ake shaƙewa da allurai irin na Festina sun yi wuya. Mahayi yana zaune a Sifen ko Kolombiya, manajansa na Beljiyam, ba zai iya leƙa firjinsa ba. Akwai waɗanda da gaske su kaɗai suka yi, kuma ƙungiyar da ta kore su ba ta yi laifi ba. Ni ban ce a bar ɓera ba, ɓera ya yi sata, kuma ya cuci yaron da ya hau da ƙarfin tuwonsa ya zo na arba'in. Tun 2015 ma dokar UCI ta ce in aka kama mutum biyu a ƙungiya ɗaya cikin wata 12, a dakatar da ita kwana 15 zuwa 45. Ci gaba ne, ko da yake dakatarwar wata ɗaya ga ƙungiya ba ta kama ƙafar shekara huɗun da ake yanke wa yaro ba.

Sai dai ga ma'aunin da nake auna niyyarsu da shi: me suke yi wa wanda ya faɗi gaskiya? A Oktoban 2012 hukumar USADA ta Amurka ta fitar da rahotonta kan Armstrong, da shaidar tsofaffin abokan hawansa 11. Ba gwajin fitsari ya kayar da shi ba, bakin mutane ne. Cikinsu akwai Levi Leipheimer, wanda ya amsa laifinsa ya karɓi haramcin wata shida. Cikin mako guda ƙungiyarsa ta Omega Pharma-Quick-Step ta kore shi, bai sake samun gida ba. Sky kuwa ta ce kowane ma'aikaci ya sa hannu cewa bai taɓa taɓa magani ba. Kocinsu Bobby Julich ya ce shi ya taɓa a shekarun 1990, aka rabu da shi. Darasin da kowane yaro ya ɗauka a nan a fili yake: wanda ya yi shiru yana da aiki. Ƙungiyar Garmin ta Jonathan Vaughters, wanda shi ma ya amsa nasa laifin, ita ce ta riƙe yaranta uku da suka ba da shaida, kuma a ganina ita ta yi abin da ya dace. A ɗaya gefen ga Alexander Vinokourov, wanda aka kama da jinin wani a Tour de France ta 2007 har Astana ta janye daga gasar. Bai taɓa amsawa ba. Ya gama shekara biyunsa, ya koma Astana, ya ci zinare a Landan a 2012, ya zama babban manajan ƙungiyar. Da aka kama wasu 'yan uwan juna biyu, Valentin da Maxim Iglinskiy, da EPO a 2014, ƙungiyar da yake jagoranta ta sallame su ta wanke hannunta.

Labari ɗaya ya zo mini har gida. A 2022 aka sami tiramadol a jinin Nairo Quintana, ɗan Kolombiya, lokacin Tour de France inda ya zo na shida. Eh, tiramol ɗin nan namu. UCI ta hana shan sa a lokacin tsere tun Maris na 2019, don yana kashe zafin ciwo yana kuma sa jiri a cikin taron kekuna masu gudun kilomita 60 a awa, WADA kuma ta sa shi a jerinta daga 2024. A lokacin ba a ɗauke shi laifin ƙara kuzari ba, saboda haka sakamakonsa kawai aka soke, ba a dakatar da shi ba, shi kuma ya musanta ya sha. Ana gobe labarin zai fito ƙungiyarsa ta Arkéa-Samsic ta sanar da ƙara masa kwantiragin shekara uku. Kafin shekara ta ƙare sun rabu, ya yi 2023 ba shi da ƙungiya, sai a 2024 Movistar ta ɗauke shi. Duk wanda ya tashi a Kano ko Maraɗi ya san wa ke shan wannan ƙwaya: ɗan dako, lebura, ɗan acaɓan da sai ya kawo balas da dare ko ya ci ko bai ci ba. Mai babur bai ba shi ƙwaya ba, bai ma tambaya ba. Adadi kawai ya yanka masa, adadin da jiki ba ya iya kaiwa da ruwa da gurasa. Ran da hukuma ta kama yaron, da safe mabuɗin yana hannun wani.

Ba a rasa inda aka fara taɓa daddawar ba. A Fotugal, bayan samamen 'yan sanda a 2022, an ƙwace lasisin ƙungiyar W52-FC Porto, aka haramta wa daraktanta Nuno Ribeiro wasan na shekara 25. A nan Amurka kuma an sa hannu kan dokar Rodchenkov a Disamban 2020, wadda ba ta hukunta ɗan wasa, sai mai ba shi maganin. Mutum na farko da aka gurfanar da ita, Eric Lira na jihar Teksas, shi ne ya samar wa 'yar tserenmu Blessing Okagbare magunguna kafin Olamfik ta Tokiyo. Shi an ɗaure shi wata uku, ita haramcin shekara 11.

Na koma wa Baba da ƙarshen labarin Phonak, don ya tambaye ni ina Alhajin motar ya shiga. Andy Rihs bai bar wasan ba. A lokacin yana da kamfanin ƙera kekuna mai suna BMC, kuma da kuɗinsa aka gina sabuwar ƙungiya da wannan suna. Lelangue, manajan Landis, ya zama daraktanta. Shugabanta shi ne Jim Ochowicz, wanda ya yi wa Phonak mashawarci, kuma shi ne manajan Motorola ranar da Armstrong ya ci gasa a garin nan. A 2010, da Landis ya gaji da musu ya amsa laifinsa, ya ce Rihs da Ochowicz sun san abin da yake yi. Dukansu sun musanta, kuma babu hukumar da ta same su da laifi. A 2011 BMC ta ci Tour de France da Cadel Evans. Shi kuwa Armstrong, sakamakon da aka soke masa ya fara ne daga 1 ga Agustan 1998, saboda haka a rubuce har yau shi ne zakaran gasar da aka kammala a Greensboro a 1995, da sunan Motorola a gefen nasa.